Godiya ga duk wanda ya sa hannu a ayarin mashin ɗinmu na masu sikila, Bauchi zuwa Gombe

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi mun je mun dawo lafiya, ba wanda ya karye ba wanda aka kwantar, duk da dai har yau wasunmu in za su zauna a benci sai a karkace. Tun da muka dawo nake son rubuta wannan godiyar gajiya ta hana, toh yau dai na zauna, in ya yi tsawo a yi haƙuri, waɗanda suka yi mana hidima ne suke da yawa. Ba zan kama sunan kowa ba don da yawa sun roƙe ni kar in ambace su, kowa dai zai gane kansa.

Ga wanda bai san zancen ba, 19 ga Yuni ita ce ranar masu sikila ta duniya, tun 2008 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita, shi ne mu masu hawa mashin a nan Bauchi muka ce bana kam ba za mu tsaya a ɗora hoto a Facebook ba, za mu yi ayari mu je Gombe mu dawo, kilomita 150 da 'yan kai kenan zuwa kawai, duk wanda zai hau ya biya kuɗin rajista ya kuma nemo masu ba da gudummawa da sunansa, abin da aka tara a sayi magani a kai wa yara masu amosanin jini nan da can, masu ƙoshin lafiya kuma su ba da jini.

Kafin mu tashi wani kawuna ya tare ni ya ce, "Kai yaro, man da za ku ƙona fa? Tun da aka cire tallafi a 2023 ka san yadda lita ta koma, me zai hana ku haɗa kuɗin ku kai asibiti salin-alin ba hayaniya?" Ba shi kaɗai ya faɗa ba, kuma gaskiya tambayar tana kan hanya. Kawu, na farko dai kowa daga aljihunsa ya sha mai, ko sisi ba a taɓa a kuɗin gudummawa ba. Na biyu kuma da ma kana Alkaleri ka ga abin da hayaniyar ta jawo.

Muna tsayawa a bakin titi mutane suka yanyame mu, yara na shafa tanki, matasa na tambayar nawa ake sayar da wannan nawa ake sayar da wancan, sai wata nas da muka taho da ita a mota ta karɓi lasifika. Ta fara bayani kenan wani dattijo mai sayar da rake ya matso ya ce, "'Yata, ni da mai ɗakina lafiyarmu ƙalau, ko ciwon kai ba mu cika yi ba, to ya aka yi muka binne biyu, ga na uku can kwance?" Wurin ya yi tsit. Baiwar Allahn nan ba ta yi masa dogon turanci ba, marafan kwalbar lemo guda huɗu ta tsinta a ƙasa, ta ce Baba wannan AA ne mai lafiyayyen jini, waɗannan biyun AS masu ɗauke da ƙwayar ciwon amma ba ya kwantar da su, wannan na ƙarshen SS shi ne mai sikila, in kai da Inna duk AS ne to haka rabon yake. Ta ari hular wani ta zuba su ta girgiza ta ce ya zaro ɗaya, ya zaro, ta ce to mayar, don kowane ciki sabon zare ne, ba wai in an haifi mai sikila ɗaya sauran ukun sun tsira ba, ana iya zaro marfi ɗaya sau uku a jere. Dattijon ya daɗe yana kallon hular, daga baya ya ce yana da 'ya da aka kawo kuɗin gaisuwarta, a ina ake gwajin. Anti, Allah ya biya ki, wlh ni da na yi boko ban taɓa fahimtar abin kamar ranar ba.

Kuma fa ba ƙaramin abu ba ne, Najeriya ce kan gaba a duniya a wannan cuta, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara a ƙasar nan, kusan mutum ɗaya cikin huɗu kuma AS ne, da yawa suna yawo ba su sani ba. Kano ma a 2024 doka suka yi sai an yi gwaji kafin ɗaurin aure. Amma mai rake a Alkaleri wa zai je ya same shi da wannan labarin? In ba ƙarar mashin ta tara mutane ba, lasifikar nan iska kawai za ta yi wa magana.

Sai jami'an kiyaye haɗura, Rod Sefti, da suka zo mana bakin filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa tun bayan Asuba, suka bi mashin ɗaya bayan ɗaya suna duba birki da taya da fitila, wanda ba shi da hular kwano suka ce ko dai a samo masa ko ya koma mota, ba sani ba sabo. Wasu sun ɗan ɓata rai, amma ni na ji daɗi. Su suka tare mana hanya har muka fita ta Wunti muka hau titin Gombe. Masu motoci da 'yan Keke da muka tsayar da safen nan, dan Allah ku yafe mana, na ga wani bawan Allah yana ta duba agogo.

Masu manyan babura, ku na fi tausayawa. Mutum yana kan abin da zai iya kai shi Gombe kafin shayi ya huce, amma aka ce ba wanda zai wuce jagora kuma ba a haura 60, saboda yawancinmu Boxer ne da Jincheng da roba-roba, har da 'yan acaɓa da suka bar aikin yini guda suka biyo mu, waɗanda in ka duba su ne suka fi kowa asara don abin da za su kai gida ranar ne suka haƙura da shi. Kun yi haƙuri, kun jera da mu, ba wanda ya nuna wa wani ƙarfin inji. Sai dai mutum biyu da suka fara ɗaga taya da sakin hannu bayan mun wuce Dindima, kun san kanku, an yi muku magana a can kuma ina maimaitawa a nan, mun fito nemar wa yara jini ne ba mu fito a ƙara mana jini ba. Baɗi in za a yi haka gara mutum ya zauna a gida.

Kanikawanmu da suka biyo baya a a-kori-kura da jarkar mai da fulogi da tiyub da baƙin mai, ku ne ba ku fito a hoto ko ɗaya ba don kullum kuna can baya a tsugune. Sarƙar wani ta tsinke, kuloci ya ƙi wa wani, duk kafin ayari ya gama shan ruwa kun tayar. Da Baba mai faci na kusa da gadar Dindima da ya yi mana taya har uku, aka miƙa masa kuɗi ya ture hannun ya ce jikarsa ma tana da ciwon, a sa a cikin na magani. Baba, Allah ya ba ta lafiya, ya sa ka ga aurenta.

Bayan Bara hadari ya haɗo, kafin mu samu wurin fakewa ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. A cikinmu akwai wani ƙaninmu mai SS da ya dage shi ma sai ya hau don tafiyar tasu ce, to sanyi da jiƙewa suna cikin abubuwan da ke tayar musu da ciwon, shi da rashin shan ruwa da zazzaɓin cizon sauro, nan da nan aka sauke shi aka sa shi a mota aka lulluɓe shi yana ta mita, wani ya hau masa mashin. Mutanen ƙauyen da muka raɓa a rumfunansu, ban ma san sunan garin ba, suka buɗe mana shago da zaure, wani ya hura wuta, mai shayi ya ƙi karɓar kuɗin rabin abin da muka sha. Allah ya ba ku damina mai albarka.

'Yan Gombe, ƙannenmu (ehh na faɗa, sai 1996 aka yanke ku daga jikinmu, a yi haƙuri), kun fita kunya. Tun daga Lawanti wajen filin jirgi kuka tarye mu, kuka ja mana kunne kan gangaren shiga gari da manyan motoci, kuka shige gaba ta Tumfure har asibiti. Kuma da nas-nas suka ce duk wanda ya ba da jini kar ya kuskura ya kama doguwar hanya a kan mashin a ranar, ku kuka rarraba su a gidajenku suka kwana. Tuwon da aka ci a Jekadafari har yanzu ana zancensa a guruf. Amma maganar masa kam ku bar mana, Hajiyarmu da ta tashi tun cikin dare ta soya mana kula biyu da miyar taushe ta riga ta rufe wannan babin, Hajiya Allah ya ƙara buɗi.

Waɗanda suka ba da jini, ban san me zan ce muku ba. Akwai ƙato guda da ke hawa mashin mafi girma a ayarin, da ya ga allura sai ya juya fuska bango yana salati, amma bai tashi ba har ledar ta cika. Likita ya yi mana bayanin cewa ƙwayar jinin mai lafiya tana kai kwana 120, ta mai sikila kuwa 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa za ka ga yaro ya ɗashe idonsa ya yi rawaya, wani lokacin ba abin da zai cece shi sai ƙarin jini, kuma na mai AA ake so a ƙara masa. Leda ɗaya ba ta kai rabin lita ba, namiji mai lafiya bayan wata 3 zai iya sake bayarwa. Wasu sai a ranar suka san su AS ne.

Iyaye mata da muka tarar a ɗakin yara, ku ne kuka yi mana godiya alhali mu ya kamata mu yi muku. Wata ta nuna mana yadda take jiƙa tawul da ruwan ɗumi tana gasa wa ɗanta gwiwa tun dare, ta san sunan kowane magani da farashinsa fiye da mu da muka sayo, folik asid, Paludrine, har hydroxyurea da ta ce yana rage masa yawan tashin ciwon amma in wata ya yi nisa sai ta riƙa tsallake kwana don ya kai. Ita ce ma ta ce mana nan gaba mu rage sayen sabulu da omo mu ƙara a kan wannan. Mun ji Mama, mun kuma rubuta.

Masu turo 200, 500, 1,000, alat ɗinku ne ya fi yawa a akawun, wasu ma ko suna ba su sa ba. Da iyayenmu da matanmu da suka bar mu muka tafi rai bai so ba, Umma ta kira ni ya fi a ƙirga duk da ta san ina kan hanya ba zan ɗauka ba. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, waɗanda suka rigaye mu ya jiƙansu.

Lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe da hoton rasit duk ma'aji ya saka a guruf ɗin WhatsApp, wanda ba ya ciki kuma yana son gani ya yi min magana in tura masa, haƙƙinsa ne. Waɗanda suka yi alkawari ba su cika ba har yanzu ƙofa a buɗe take, kason Bauchi sai ranar Asabar mai zuwa za mu kai. Sannan akwai hular kwano ja da rigar ruwa da makullin mashin mai ɗaure da carbi da aka bari a motar kanikawa, mai su ya zo ya karɓa, shi mai makullin ma ina mamakin yadda aka yi ya isa gida.