Yadda na sa launin dare a manhajar Kivy mai shafuka huɗu

Shafuka huɗu ne a manhajar da na gina da Kivy, kayan aikin Python na ƙera manhaja, duka ƙarƙashin ScreenManager mai kula da sauya shafuka, kuma na so maɓalli ɗaya ya juya su daga fari zuwa baƙi. Da farko na bi root.walk() ina canza launin duk abin da na tarar. Shafin da ke gabana ya yi baƙi, sauran ukun suna nan fari fat. Ashe shafin da ake kallo kaɗai ScreenManager ke riƙewa a children, sauran suna ajiye a jerin screens. Sai an bi wannan jerin, ko a kira shafi da sunansa ta get_screen. Haka ma ids, wato sunayen da ake laƙaba wa abubuwan da ke shafi: idan shafi yana da tasa doka a fayil ɗin kv, inda ake tsara fasalin shafuka, nasa suna jikinsa, root.ids ba ya ganin su.

Ko da na gyara wannan, aikin bai cika ba. Popup, ƙaramin akwatin da ke faɗowa kan allo, a kan Window, wato tagar manhajar baki ɗaya, yake buɗewa, ba a cikin shafi ba, don haka ya fito da tsohon launi. Shafin da aka ƙirƙira bayan an danna maɓallin shi ma haka.

Abin da ya raba gardama shi ne na daina bin shafuka ɗaya-ɗaya. Na ajiye launi uku a ajin App, na bango, na rubutu da na maɓalli, kowanne ColorProperty, wanda ya shigo tun Kivy 1.10. A kv, cikin canvas.before na kowane shafi, na rubuta rgba: app.launin_bango, da Rectangle mai bin self.pos da self.size. Yanzu ƙima uku nake sauyawa, komai ya bi, har abin da ba a buɗe ba tukuna. Sharaɗin kawai ya zama property na Kivy. Ƙimar Python ta yau da kullum ba ta sanar da kv cewa ta canza.

A kula da lambobin launi. Daga 0 zuwa 1 suke, ba 255 ba. Wanda ya rubuta 30, 30, 30 yana neman baƙi, fari zai gani. Button kuma launinsa na gauraya da hoton toka da ya zo da shi, shi ya sa yake fitowa a dushe har sai an bar background_normal fanko.

Zaɓin mai amfani ina adana shi da JsonStore a user_data_dir, wurin ajiyar bayanan manhajar, in karanto shi a build, wato lokacin da manhajar ke tashi, don kada farin allo ya haske masa ido kafin baƙin ya sauka.