Asabar a Barewa tare da Kawu

Ɗaurin aure ne ya kai mu Zariya yau, na jikar wani abokin karatun Kawu, a Tudun Wada bayan azahar. Amma tun jiya da dare ya aiko cewa da an yi asuba mu kama hanya, yana so ya biya ta makarantarsu. Idan Kawu ya ce "makarantarmu" kowa a gida ya san Barewa yake nufi, duk da cewa ya yi jami'a bayanta. Muka ɗauki ɗan yayata da ya gama firamare bana, muka bar Funtuwa gari bai gama wayewa ba, muka bi ta Giwa da Shika da Samaru. Kafin hantsi mun shiga titin Gaskiya.

A bakin ƙofa maigadi ya leƙo ya gaida Kawu, ya tambayi wurin wa muka zo. Kawu bai faɗi sunansa ba, sai ya faɗi lambarsa ta shiga makaranta da sunan gidan da ya kwana. Mutumin ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, ai gida ka zo," ya haɗa mu da wani malami da ke bakin aiki ya zaga da mu.

Wannan al'ada ta lamba ita ta fi tsaya min a rai yau. Tun daga ɗalibin farko a Katsina ake ba kowa lamba bi da bi, ba a sake ƙirga daga farko, ba a ba wani ta wani. Sardauna Ahmadu Bello 87 ne, Abubakar Tafawa Ɓalewa 145, Shehu Shagari 394, Yakubu Gowon 783, Murtala Muhammad 941. Kawu ya haddace su kamar yadda ya haddace sunayen 'ya'yansa. Ya ce idan tsofaffin ɗalibai suka taru a ƙungiyarsu ta BOBA, mai ƙaramar lamba shi ne babba, ko da ɗayan gwamna ne ko sarki. Na ga hikimar abin. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ya zo daga ƙauye da akwatin ƙarfe, a rubuta shi a littafi ɗaya da Firayim Minista, lambarsa tana bin tasa a layi. Wannan kaɗai ya isa ya sa yaro ya ɗauki kansa da daraja.

Muna tafiya a ƙarƙashin itatuwa Kawu yana ba jikansa tarihi, ni ma ina kasa kunne. A 1921 aka fara makarantar a Katsina a matsayin kwalejin horar da malamai, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a watan Maris na 1922. Turawa malamai suke so su samar wa makarantun lardunan Arewa, ba su zo da niyyar reno waɗanda za su karɓi mulki daga hannunsu ba, amma haka Allah ya so. A 1938 aka mayar da ita Kaduna, a 1949 aka kawo ta Zariya, aka daɗe ana kiranta Kwalejin Gwamnati ta Zariya, sai a 1971 aka sa mata suna Barewa. Tsohon ginin ƙasa na Katsina yana nan har yanzu, an mai da shi gidan tarihi. Kawu ya ce shi ya ga canjin sunan da idonsa, domin yana aji na ƙarshe lokacin.

Sai gidajen kwana. Sunayensu ma karatu ne: Lugard, Clifford, Ɗan Hausa, Malam Smith, Bello Kagara, Nagwamatse, Mort, Ja'afaru, Sulaimanu Barau. Yaron ya tambaya, "Kaka, wane ne Ɗan Hausa?" Kawu ya ce Bature ne mai suna Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Nassarawa ta Kano a 1909, ya iya Hausa har Kanawa suka laƙaba masa wannan suna. Bello Kagara malami ne tun zamanin Katsina, Ja'afaru kuwa Sarkin Zazzau ne lokacin da makarantar ta sauka a ƙasarsa. Ga sunan wanda ya ci ƙasar da yaƙi, ga sunan malamin da ya koyar, ga na sarkin da ya karɓi baƙunci, duk a jere. Ni ban ga laifin barin su haka ba. Gara yaro ya tambaya a gaya masa gaskiyar kowanne.

A gidansu Kawu muka fi daɗewa. Ya shiga ɗakin ba tare da an nuna masa hanya ba, ya wuce har kusurwar da ke kusa da taga ta ƙarshe, ya dafa ƙarfen gadon da ke wurin ya ce nan ne makwancinsa. Wani yaro siriri da ke ninke bargonsa ya durƙusa ya gaishe shi. Kawu ya tambaye shi garinsu da ajinsa, sannan ya karɓi bargon ya nuna masa yadda suke ninkewa ranar duba tsabta, gefe ya haɗu da gefe, a shafe da tafin hannu har ba a ganin yamutsewa ko kaɗan. Hannunsa na rawa saboda shekaru, amma ninkin ya fito tsaf. Yaran ɗakin suka taru suna kallo.

Nan ya zauna a bakin gado ya buɗe musu labari. Jirgin ƙasa suke shiga daga Funtuwa, wanda ya taso daga Ƙauran Namoda, kafin su iso Zariya taragon ya cika da 'yan makaranta. Ƙararrawa ce ke tashin su, ita ke kai su aji, ita ke kai su cin abinci, ita ke kashe fitila bayan karatun dare. Kowane sabon shiga da yankin da yake sharewa da siniyan da yake ɗebo wa ruwa. Ya ce maƙwabcin gadonsa ɗan Borno ne, na gaba da shi ɗan Ilori, shugaban ɗakinsu Kirista ne daga Filato, kuma shi yake tashin su sahur da azumi don kada su makara. Wannan ne abin da nake ganin ya fi komai daraja a tarihin makarantar nan. An ɗebo yara daga kowane lardi an zuba su ɗaki ɗaya shekara da shekaru, suka ci tuwo a kwano ɗaya, suka sha hukunci tare. Da suka girma suka haɗu a ofis ko a bariki, kowa ya san halin ɗan'uwansa tun yana da gajeren wando. Yau yawancin yaranmu daga firamare har jami'a ba sa fita jiharsu.

Kawu ya yi shiru da ya zo kan sojojin. Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Muhammad, Abogo Largema da Yakubu Pam duk 'yan makarantar ne, kuma dare ɗaya aka kashe su a juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, tare da Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Ya yi musu addu'a, yaran suka shafa.

Daga nan muka je filin Fives, wasan da Turawa suka kawo daga makarantar Eton ta Ingila. Ɗaki ne mai bango uku ba rufi, mutum biyu da biyu suna dukan 'yar ƙwallo mai tauri da tafin hannu tana dawowa daga bango. Sardauna ya riƙe wasan har bayan ya zama Firimiya. Ɗan yayata ya gwada bugu ɗaya ya yarfe hannu, Kawu ya yi ta dariya yana ce masa rago, mijin kakarsa ba zai iya ba.

Abin da Kawu ya fi kewa shi ne shekara biyun HSC, wato aji shida na ƙasa da na sama, da ake yi bayan sakandare kafin jami'a. Ɗalibi ya zaɓi darussa uku ya nutsa a cikinsu, ya koyi zama a laburare shi kaɗai, a ba shi riƙon ƙannensa. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ma abin da ya kawo shi Barewa ke nan daga Keffi, ya gama a 1971 ya wuce Jami'ar Ahmadu Bello. Tsarin 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a, ya zo ya share wannan mataki. Ina koyarwa, ina ganin yara 'yan sha shida suna faɗawa jami'a ba su taɓa karanta littafi guda daga bango zuwa bango ba, don haka na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Inda na ƙara nawa shi ne na ce masa, "Kawu, duk wannan gatan maza aka yi wa. Da an yi wa mata irinsa tun 1921, da Inna ma tana da lamba." Ya jinjina kai ya ce wannan gaskiya ne, domin ta fi shi ƙwaƙwalwa.

Kiran sallar azahar ne ya tashe mu. A wurin ɗaurin auren tsofaffi huɗu suka rungume Kawu suna kiran juna da lamba, suka ƙi sakinsa har la'asar. A hanyar dawowa yaron ya dame mu da tambayar yadda ake samun shiga, kuma gidan Kakansa yake so. Kawu ya ce in je ranar Litinin in binciko yadda ake cike takardar, shi zai yi magana da uwar yaron.