Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Gwangwanin Fim

Makon jiya na tsaya a inda Kawu ya ɗauko ni daga Mai Wurno ya kawo ni Sinnar, a ƙasar Sudan, ina ɗan shekara goma sha shida. Inna ta yarda ne bisa zaton ɗinki zan koya. Ashe aikin da ya samo mini a gidan silima yake.

Kafin nan majigi kaɗai na sani. Motar gwamnati ce take zuwa garinmu bayan kaka, a ɗaura farin ƙyalle a fili, a tada janareta, a nuna mana yadda ake kashe sauro da yadda ake noman auduga a Jazira. Daga baya na ji cewa tun 1949 aka kafa sashen da ke shirya waɗannan fina-finai, inda Jadallah Jubara ya yi suna da kyamara. Mu dai a lokacin hasken muke bi, kamar fara.

Gidan silimarmu ba shi da rufi. Katanga ce doguwa, farin bango a gaba, taurari a sama, don haka sai rana ta faɗi ake aiki. Masu hali suna baya a kujerun loj, talakawa suna gaba a bencin sha'ab, wuya a ɗage, ana ɓarar tasali, wato soyayyun 'ya'yan kankana.

Aikina shi ne tarbar fim a tashar jirgin ƙasa. A nan na gane yadda ƙananan garuruwa suke samun rabonsu. Hartum ce ke fara gani, ita da take da gidan silimar Coliseum tun 1935, sai Omdurman, inda gidan Wataniyya na kamfanin 'yan ƙasa yake. Tun 1970 gwamnatin Numairi ta karɓe shigo da fina-finai da rabon su, sai ya zama kwafi guda ne ke bin layin dogo: Wad Madani, Sinnar, Kosti, har El-Obeid. Kafin ya iso mana ya sha hannu. Ga zane-zane kamar ruwan sama a jikin hoton, ga wuraren da ya tsinke aka liƙe. Wata waƙar Indiya da mutanen Hartum suka gani cikakkiya, mu rabinta muke samu, amma 'yan sha'ab su ƙarasa ta da baki.

Ranar farko na ɗora gwangwanayen a ka ba gammo. Kawu ya tare ni a ƙofa.

"Yaro, ka san abin da ka ɗauko?"

"Fim ne, Kawu."

"Abincin mutum goma sha ne. In ya faɗi, Kosti ma ba za su ci ba gobe."

Ya cire rawaninsa ya naɗa mini gammo da hannunsa.

Abin da ya ɗaure ni da gidan nan ba fim ɗin ba ne kaɗai. A kasuwa Fallata ake kiran mu, mu 'yan asalin Afirka ta Yamma, wani lokaci da wata irin murya da ke sa gaba faɗuwa. Amma in fitila ta mutu, Bahaushe mai tsinkar auduga da ma'aikacin jirgin ƙasa da Balarabe ɗan ƙabilar Ja'aliyyin benci guda suke, in fim ya tsinke tare suke yin fito suna kiran mai inji. Ban san wani wuri a Sinnar ta wancan zamani da ya yi mana haka ba, in ban da sahun salla.

Shekara goma sha biyar na yi, daga ɗan dako har na hau ɗakin inji. Sai juyin mulkin 30 ga Yuni 1989 ya zo da dokar hana fitar dare. Gidan da ba ya aiki sai da duhu, an hana shi duhun. Nuni na biyu na kowane dare ne ya fara mutuwa, sannan gwangwanaye suka riƙa jinkiri. Wata Alhamis na je tasha na jira har jirgi ya tashi, ba a sauke mini komai ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda na kai wa Kawu wannan labari a kan gadon jinyarsa.