Kaset ɗin Maigadinmu

Jiya da dare ina lalube a YouTube na ci karo da bidiyon Tinariwen, wata ƙungiyar mawaƙan Abzinawa, suna wasa a Turai, filin cike da Turawa suna tafi, su kuma da rawunansu sun rufe fuska. Nan take na tuna wani Buzu da ya yi mana gadi ina yaro. Kullum bayan isha'i sai ya hura gawayi, ya ɗora shayi, ya kunna wani tsohon kaset mai ƙarar jita. Mu dariya muke masa, wai kiɗan babu armashi. Ashe irin kiɗan nan ne.

Jagoransu, Ibrahim Ag Alhabib, yana ƙaramin yaro aka kashe mahaifinsa a tawayen Abzinawan Mali na 1963. Jitarsa ta farko da gwangwani da sanda da wayar keke ya haɗa ta. Wajen 1979 suka fara haɗuwa a Tamanrasset ta Aljeriya, daga baya wasunsu suka shiga sansanonin horon soja na Gaddafi a Libiya. Babu kamfani, babu rediyo; kaset kawai ake kwafa hannu da hannu a cikin Sahara.

A 2012 suka ci kyautar Grammy da kundinsu Tassili. Abin da ya fi burge ni, har yau da harshensu na Tamashek suke waƙa.

Maigadin nan ko sunansa na gaskiya ban taɓa tambaya ba. Allah Ya sa yana raye.