Bel ɗin tayimin da famfon ruwa: a canza su tare

Bel ɗin tayimin ba ya gargaɗi kafin ya tsinke. Shi ke haɗa juyin karanshaf (sandar da fistan ke juyawa) da kamshaf (sandar da ke tura bawul, wato ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi), don bawul su buɗe su rufe a kan lokaci. A injuna da yawa, irin na Honda Accord mai silinda 6, in ya tsinke mota na tafiya, fistan zai doki bawul ya lanƙwasa su, sai an sauke kan inji.

Yawancin kamfanoni kan sa a canza shi tsakanin kilomita 90,000 zuwa 160,000, ko bayan shekara 5 zuwa 7, duk wanda ya riga zuwa. Zafi na busar da roba ko mota na ajiye. In 'yar Kwatano ka saya, kada ka yarda da lambar mita, sa bakanike ya cire murfin bel ɗin ya duba. Tsagewa a bayan bel, haƙori da ya gutsure, ko jiƙewa da baƙin mai, duk alamar a canza ne. In mai ne, a canza sil ɗin kamshaf ma, wato robar da ke hana mai yoyo.

A irin waɗannan injuna bel ɗin ne ke juya famfon ruwa, mai zagaya da ruwan sanyaya inji. Boris ɗin famfon in ya ci, zai fara ƙara, ruwa ya riƙa ɗiga, wani lokaci ya cije ya yage sabon bel. Tunda aikin kwancewa ɗaya ne, a sa famfo, tenshina (mai ɗaure bel) da fuli (ƙafar da bel ke bi ta kai) sababbi, a zuba sabon ruwan lagireto, ba na rijiya ba. Kafin a tayar, a juya inji da hannu zagaye 2, a tabbatar alamomin tayimin sun dawo daidai.

Ba kowace mota ke da wannan bel ba: Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai inji 1.8 sarƙa gare ta, ba bel ba.