Ruwan gonar shinkafa da ya kashe mini karfasa

Kuskurena ɗaya ne: na cika tafkin kifina da ruwan da ya tsiyayo daga gonar shinkafata a fadamar Argungu, kwana uku bayan na watsa mata takin zamani NPK 15-15-15. Wai ni mai wayo, na huta da kuɗin fetur na jan ruwa daga gulbi. Alhali tun farko na zuba wa tafkin kashin kaji. Taki kan taki ke nan.

Lambar tsakiya a jikin buhun nan ta fosfaras ce, buhu mai kilo 50 na ɗauke da kilo 7.5 na fosfet, wato sinadarin da ke ɗauke da fosfaras ɗin. A ruwan gulbi da tafki shi ne abin da gansakuka ta fi rasawa, tana samun sa kuwa sai ta haukace. Cikin mako guda ruwa ya koma kamar miyar kuka, ni kuma har murna nake, kifi ya samu abinci.

Da rana gansakuka tana ba ruwa iskar oksijin, da dare ita ma shaƙa take yi, shi ya sa iskar ta fi ƙaranci da asuba. Sai hazo ya rufe rana kwana biyu, gansakukar ta fara mutuwa, ruɓewarta ta cinye sauran iskar. Bayan sallar asuba na tarar da karfasa a saman ruwa baki buɗe, wasu sun riga sun juya ciki sama. Tarwaɗa ce ta tsira, don ita tana leƙowa ta shaƙi iskar waje.

Yanzu kullum sai na tsoma hannu a tafkin don in ga yawan gansakuka. In tafin hannuna ya ɓace kafin ruwa ya kai gwiwar hannu, wajen santimita 30, na tsayar da taki, na rage abinci, don kashin kifi da ragowar abinci ma fosfaras ne. Kuma da asuba ake duba tafki, da hantsi ba ka ganin alamar ƙarancin iska.

Abin da ya fi ba ni haushi, sau biyu na canza rabin ruwan, koren ya dawo. Ashe fosfaras kwanciya yake a laka, in iska ta ƙare a ƙasan tafki ya sake narkewa ya hau ruwa. Dole na janye ruwan kaf, na bar lakar ta bushe har ta tsage, na biya yara suka kwashe ta a baro zuwa gonar da ta jawo mini.