Daga Teburin Wasa Zuwa Filin Waterloo

Jirgin ƙasa na hau daga Brussels zuwa Braine-l'Alleud, bas kuma ta ƙarasa da ni filin da aka gwabza yaƙin Waterloo ranar 18 ga Yuni, 1815, tsakanin Faransawa ƙarƙashin Napoleon da rundunar ƙawance ƙarƙashin Wellington na Birtaniya. Na daɗe ina buga wannan yaƙi a kan tebur tare da abokaina. Muna jera 'yan sojojin dalma masu tsayin milimita 28 da muka yi wa fenti da hannu, mu auna tafiyar kowace runduna da tef, mu jefa dayis don sanin harbin wa ya ci. Shi ya sa na ƙosa in taka ƙasar da ƙafata.

Kowa Tudun Zaki yake fara nufa, tudun tunawa da yaƙin mai mutum-mutumin zaki a samansa da matakala 226. Na hau. Daga sama filin ya shimfiɗu tamkar teburinmu, ga gonar La Haye Sainte, ga gonar Hougoumont can gefe. Amma tudun nan bayan yaƙin aka tara shi, an gama a 1826, kuma da ƙasar filin aka gina shi, har hakan ya sauya yanayin wurin. Babu janar ɗin da ya ga filin daga wannan tsayi.

Da na sauko na bi ta ɓangaren da Faransawa suka ja daga, sai abin ya fito mini fili. Gangarar ba ta da wani tsayi, amma ta isa ta ɓoye dubban mutane, kuma a bayanta Wellington ya ajiye yawancin dakarunsa. Mahayan Ney, ɗaya daga cikin manyan kwamandojin Napoleon, sun hauro ne ba tare da ganin abin da ke jiransu ba. A tebur kuwa, mai riƙe da rundunar Napoleon yana tsaye yana ƙirga kowane soja na abokin gaba. Shi ya sa 'yan wasa ke saurin zargin Ney da wauta, zargin da yanzu ban yarda da shi duka ba.

Ga kuma laka. Ruwan da aka kwana ana yi ya jinkirta harin Faransawa har wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, jinkirin da ya taimaki sojojin Prussia ƙarƙashin Blücher, masu mara wa Wellington baya, suka iso ta ƙauyen Plancenoit.

A wasanmu na gaba zan nemi a sa alƙali, shi kaɗai zai riƙe taswirar duk rundunar da ke bayan tudu, ba za a ɗora ta a tebur ba sai an hango ta.